Bindiga Mai Ruwa: Asalinta da Yadda Rundunonin Duniya Suka Karɓe Ta

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Shekaru aru-aru wannan magana ce ke mulki a sha'anin yaƙi, domin sarkin da ya fi yawan dawaki da dakaru shi ake kyautata wa zaton nasara tun kafin a yi arangama. Ana nan, a ƙarshen ƙarni na 19, sai ga wani ƙarfe ya fito daga wata 'yar maƙera a birnin Landan yana neman ya ƙaryata karin maganar. Mutum huɗu ko biyar da suka tsuguna a bayansa suna iya tare wa dubu hanya. Turawa suna kiran sa da sunan wanda ya ƙago shi, wato Maxim. Bahaushe kuwa da ya gan shi a hannun sojan Nasara, ya lura ana ɗura masa ruwa kamar dabba, in ya yi zafi kuma ya riƙa fitar da tururi, sai ya raɗa masa suna bindiga mai ruwa.

A fagen fama wannan suna ya shiga bakin Bahaushe. Saboda haka duk mai son fahimtar yadda daula mai faɗi irin ta Sakkwato ta faɗa hannun 'yan tsirarun Turawa cikin 'yan shekaru, ba makawa ya tsaya ya dubi wannan bindiga. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalinta, da hikimar da ke cikin ƙirarta, da yadda manyan hafsoshin Turai suka yi ta jan ƙafa kafin su karɓe ta, sa'an nan da irin ɓarnar da ta yi, da farko a Afirka, daga baya kuma a gidan waɗanda suka ƙera ta.

2.0 Kafin Zuwan Mai Ruwa

Tun ranar da aka fara zuba albarushi a bututun ƙarfe, matsalar ɗan bindiga ɗaya ce, wato ɗuri. Bindigar da, irin wadda Hausawa ke yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, sai an zuba mata albarushi ta baki, a jefa dalma, a danna da sanda, kafin a yi harbi guda. Gwanin soja ba ya wuce harbi biyu ko uku a minti ɗaya. Tsakanin wannan harbi da wancan, barde a kan ingarma yana iya cinye tazara mai yawa, ya iso da mashinsa kafin a gama ɗuri na biyu. Wannan ya sa doki bai rasa darajarsa ba ko bayan da bindiga ta yawaita.

A tsakiyar ƙarni na 19 aka sami babban sauyi. Maƙeran Turai da Amurka suka haɗa dalma da albarushi da abin tayar da wuta a cikin kwanso guda na tagulla, wanda ake cusawa ta gindin bututu. Bindigar Martini-Henry ta sojan Ingila, alal misali, tana iya harbi 10 zuwa 12 a minti. Da harsashi ya zama abu ɗaya dunƙulalle, sai masu fasaha suka fara tunanin na'urar da za ta riƙa yin ɗuri a madadin yatsun mutum.

A 1862 wani Ba'amurke mai suna Richard Gatling ya yi rajistar bindiga mai bututu shida, wadda ake juya ta da hannu kamar yadda ake juya injin markaɗe. Gatling ya yi da'awar cewa idan mutum ɗaya zai iya aikin mutum ɗari, to za a rage yawan sojan da ake turawa su mutu. Faransawa su ma suka ƙera tasu mai bututu 25, suka ɓoye sirrinta har daga yawancin sojansu. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Jamusawa a 1870, sai suka jera ta can baya tare da igwa, inda igwar Krupp ta Jamus, wadda ta fi ta cin nisa, ta yi ta ragargaza ta. Manyan hafsoshin Turai suka ɗauki darasin a karkace, suka ce irin wannan makami ba shi da wani amfani a yaƙin manya.

Ban da wannan, duk bindigogin da hannu ke tafiyarwa, irin su Gatling da Gardner da Nordenfelt, suna da aibi guda. Idan tsoro ya kama mai juyi ya yi gaggawa, sai harsashi ya cije. Haka ta faru ran 17 ga Janairu 1885 a Abu Kilea ta ƙasar Sudan. Bindigar Gardner ta cije a daidai lokacin da mayaƙan Mahadi suka taso, suka kashe wasu daga masu riƙe da ita, har suka keta sahun Ingilishi kafin a mayar da su.

3.0 Hiram Maxim

An haifi Hiram Stevens Maxim ran 5 ga Fabrairu 1840 a ƙauyen Sangerville da ke jihar Maine ta Amurka. Bai yi zurfi a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ƙera keken doki, daga nan ya yi ta yawo daga wannan maƙera zuwa waccan. Mutum ne mai kaifin basira da yawan ƙirƙira, tun daga tarkon ɓera mai ɗana kansa har zuwa na'urorin iskar gas. Daga bisani ya zama babban injiniya na wani kamfanin lantarki, inda ya yi ta jayayya da Thomas Edison a kan wanda ya riga wani ƙago ƙwan fitila.

A 1881 kamfaninsa ya tura shi baje kolin kayan lantarki a birnin Faris, daga nan Turai ta riƙe shi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wani ɗan ƙasarsu da suka gamu a Biyana ya shawarce shi da ya rabu da lantarki, in dai kuɗi yake nema, ya ƙago wa Turawa abin da za su riƙa kashe juna da shi cikin sauƙi. Maxim ya kama ɗaki a unguwar Hatton Garden ta Landan, ya kafa maƙera.

Tunaninsa ya faro ne daga abin da kowane maharbi ya sani. Idan aka harba bindiga, takan tunkuɗi kafaɗar mai harbi da ƙarfi, har ta bar masa tabo. Kowa yana ɗaukar wannan tunkuɗa a matsayin wahalar da sai dai a jure. Maxim kuwa ya ga ƙarfi ne ake zubarwa a banza. Me zai hana a kama shi a sa shi aiki? A 1883 ya fara rajistar dabarar, a 1884 kuma ya nuna wa jama'a bindiga ta farko a duniya da ke yi wa kanta ɗuri da ƙarfin harbinta.

4.0 Hikimar Ƙirarta

Bindigar Maxim bututu ɗaya gare ta. A bayan bututun akwai wani ƙarfe mai toshe gindinsa, wanda ke haɗe da wata gaɓa mai lanƙwasuwa kamar gwiwar mutum. Lokacin da harsashi ya tashi, gwiwar a miƙe take, don haka gindin bututu a kulle yake gam. Ƙarfin harbin sai ya tura bututu da matoshinsa baya tare, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. A nan bututu ya tsaya, gwiwa ta lanƙwashe, matoshi ya ci gaba da ja da baya. Cikin wannan ja da baya yake zaro kwanson da aka harba, ya kuma cizgo sabon harsashi daga jigida. Sa'an nan wani sifirin mai ƙarfi ya komo da kome gaba, sabon harsashi ya shige bututu, tsohon kwanso ya faɗo ƙasa, gwiwa ta sake miƙewa, wuta ta sake tashi. Duk wannan zirga-zirga tana aukuwa kamar sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Muddin yatsa na kan kunama, kuma jigida ba ta ƙare ba, bindiga ba ta yin shiru.

Jigidar kuwa doguwar ɗamara ce ta zanen tamfol mai aljihuna, galibi mai cin harsashi 250. Da ita bindigar ke iya harbi wajen 600 a minti, wato aikin soja 50 masu riƙe da Martini-Henry.

Sai dai ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa sau 600 a minti ba ya daɗewa bai yi ja ba, in ya yi ja kuma ya lalace. Maganin da Maxim ya samo shi ne ya sanya bututun a cikin wani babban kwaroro na ƙarfe mai cin ruwa kimanin lita 4. Ruwan yakan tafasa bayan 'yan ɗaruruwan harbi a jere, tururi ya fita, a ƙara wani. Daga wannan kwaroro sunanta na Hausa ya samo asali. Ita kanta bindigar nauyinta ya kai kilo 27, ban da ruwa da ƙafafu da akwatunan harsashi. Wannan ya sa ba ta tafiya sai da ƙungiya: mai harbi, da mai miƙa jigida, da masu dakon harsashi da ruwa.

5.0 Ciniki da Jan Ƙafar Hafsoshi

Ƙira daban, sayarwa daban. A 1884 aka kafa kamfanin Maxim da taimakon kuɗin Albert Vickers, ɗan gidan masu narka ƙarfe na Sheffield. Manyan Ingila, har da Yarima mai jiran gado, suka riƙa zuwa kallo, suna danna kunama suna mamaki. Maxim ya ɗauki bindigarsa ya zaga fadojin Turai yana gwadawa. A can ya yi karo da wani dillalin makamai mai wayon tsiya, Basil Zaharoff, wakilin kamfanin Nordenfelt, wanda ya yi ta yi masa zagon ƙasa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai kamfanonin biyu suka haɗe a 1888, Zaharoff ya koma tallar bindigar da yake kushewa jiya. A 1897 kamfanin Vickers ya haɗiye su duka.

A 1888, bisa goyon bayan Janar Wolseley, sojan Ingila suka yi odar guda 120. Ga daular da ta mamaye kusan kowace nahiya, wannan adadi bai taka kara ya karya ba. Dalilan jinkirin suna da yawa. Na farko kuɗi: ma'ajin gwamnati yana ganin abin da ke cinye harsashi 600 a minti zai iya cinye baitulmali. Na biyu, an rasa inda za a ajiye ta. Masu igwa sun ce ba igwa ba ce, dakaru kuma sun ce ta yi musu nauyi, don haka aka yi ta ɗora ta a kan manyan ƙafafun keke inda abokan gaba ke hango ta daga nesa. Na uku shi ne girman kai. Hafsoshin wancan zamani, musamman na sojan doki, sun taso ne a kan imanin cewa zuciya da takobi da banati ke raba gardama a fagen fama. Na'urar da za ta daidaita jarumi da rago ba ta kwanta musu a rai ba.

Dalili na huɗu na fasaha ne. Baƙin albarushi yana tayar da hayaƙi mai kauri, har mai harbi ya kasa ganin abin da yake harbi, ga kuma dauɗar da ke toshe na'ura. Wannan matsala ta kau ne bayan da Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi a 1884, Ingilishi kuma suka fito da nasu a 1889. Daga nan kasuwa ta buɗe. Sojan ƙasa na Jamus suka karɓe ta a 1899, Rasha ta saya, daga baya ta shiga ƙera tata a birnin Tula.

6.0 Afirka, Filin Gwaji

Yayin da manyan hafsoshi ke musu a ofisoshinsu, ƙananan hafsoshi da 'yan kasadar kamfanoni a Afirka ba su da wata shakka. Su kullum 'yan kaɗan ne a tsakiyar jama'a mai yawa, abin da suke nema kuwa shi ne makamin da zai cike musu gurbin yawa. Tun a 1887 aka harba ta a Saliyo. A shekarar nan kuma Maxim ya ba Henry Morton Stanley guda ɗaya ya ratsa dajin Kwango da ita. Wannan tsohuwar bindiga ce wani matashin kyaftin mai suna Frederick Lugard ya ɗauka zuwa Yuganda a 1890, shi ne wanda Hausawa suka sani daga baya da Gwamna Lugga. A Janairu 1892, da rikici ya tashi a Mengo tsakanin ɓangarori biyu na Kiristocin Buganda, wutar mai ruwa ce ta rinjayar da yaƙin zuwa ɓangaren da Lugga ke goya wa baya. Darasin bai fita daga kansa ba.

A Oktoba 1893, a bakin kogin Shangani da ke Zimbabuwe ta yau, mutanen kamfanin Cecil Rhodes kimanin 700 suka gamu da dubban mayaƙan Sarki Lobengula na Ndebele. Da bindiga mai ruwa guda 5 aka kashe wajen mutum 1,500, su kuwa 'yan kamfani waɗanda suka rasa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Ran 2 ga Satumba 1898 aka maimaita abin a Umdurman, a ma'auni mafi girma. Rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, mai mutum wajen 50,000, ta taso wa Janar Kitchener a fili fetal. Kafin azahar an kashe fiye da 10,000 daga cikinsu. Waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila da Masar ba su kai 50 ba.

Wani abin lura shi ne Turawa sun yi tanadin kada wannan fifiko ya kuɓuce musu. A taron Burusal na 1890 ƙasashensu suka sa hannu a kan yarjejeniyar taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, da hujjar yaƙi da cinikin bayi. Ƙofa ta rufe ke nan a daidai lokacin da sarakunan Afirka suka fi bukatar ta kasance a buɗe.

7.0 Daga Bida Zuwa Burmi

Sarakunan daular Sakkwato ba baƙin bindiga ba ne. Etsu Masaba na Nufe ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar cinikin kogin Kwara, Kano da Zazzau suna da rukunin 'yan bindiga, a Damagaram kuma, wadda ke wajen daular, Sarki Tanimu har igwa ake ƙera masa. Amma yawancin waɗannan bindigogi na ɗurin baki ne, kuma ƙashin bayan yaƙi har yanzu barade ne da 'yan lifida, sai 'yan baka da masu mashi a ƙasa. Dabarar da aka gada ita ce a yi sukuwa gaba ɗaya a fasa sahun abokan gaba. Wannan kuwa ita ce ainihin dabarar da mai ruwa ta fi so.

An fara gani a Bida, ran 26 da 27 ga Janairu 1897. Sojan kamfanin Royal Niger na George Goldie, kimanin 500, da bindiga mai ruwa 6 da 'yan igwa, suka tsaya sahu mai kusurwa huɗu, 'yan dako a tsakiya, mai ruwa a kusurwoyi. Dubban baraden Etsu Abubakar suka yi ta kawo hari ta kowace fuska, ba su iya kaiwa ga sahun ba. Bida ta faɗi, wata mai zuwa Ilori ta bi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bayan Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, sai aka bi Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902.

A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja 'yan sama da 700, da igwa 4 da mai ruwa 4. Ran 3 ga Fabrairu suka fasa ɗaya daga ƙofofin Kano suka shiga, alhali Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ran 15 ga Maris aka yi karon Sakkwato a filin Giginya, bayan gari. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda bai fi 'yan watanni a kan gado ba, ya jera rundunarsa, Marafa Maiturare yana riƙe da ɓangare guda. Igwa da mai ruwa suka buɗe wuta daga nesan da kibiya ba ta kaiwa. Cikin ɗan lokaci runduna ta watse, sai wasu 'yan tsiraru da suka ƙi barin tuta, suka tsaya a gindinta har aka kashe su. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suna bin sa gari bayan gari. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, mutanen garin sun kori harin farko a watan Mayu. Ran 27 ga Yuli aka komo da ƙarfi, aka yini ana fafatawa. Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, Manjo Marsh mai jagorar Turawa shi ma ya mutu. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa.

Adalci ne a faɗi cewa mai ruwa ba ita kaɗai ta ci waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Igwa ce ke fasa ganuwa, horon soja da harbin bai ɗaya ke riƙe sahu, rashin haɗin kan sarakuna kuma ya ba Turawa damar cin su ɗaya bayan ɗaya. Bugu da ƙari, sojan da ke cikin sahun, da 'yan dakon da ke ɗauke da bindigar da harsashinta a ka, yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, Turawan ba su wuce 'yan gommai ba. Ita kanta bindigar tana da ranar kunyarta. Ran 14 ga Fabrairu 1906, talakawan Satiru, kudu da Sakkwato, masu ɗauke da gatura da fartanya da baka, suka afka wa wani rukunin sojan doki kafin ya gama shiri. Suka kashe Turawa 3 da soja fiye da 20, mai ruwa kuma ta faɗa hannunsu. Amma ƙarfe a hannun wanda ba shi da horonsa, ba shi kuma da masana'antar harsashinsa, kaya ne kawai. Ran 10 ga Maris aka komo musu, aka kashe wajen mutum 2,000, aka shafe garin daga doron ƙasa.

8.0 Reshe Ya Juye da Mujiya

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Hafsoshin Turai sun karanta rahotannin Shangani da Umdurman, amma suka ce ai wannan yaƙin mulkin mallaka ne, ba zai shafi sojan da ya sami horon zamani ba. A 1898 wani attajiri ɗan Folan, Jan Bloch, ya wallafa littafi mai juzu'i shida yana gargaɗin cewa makaman zamani za su tilasta wa rundunoni shiga ramuka, yaƙi ya ƙi ƙarewa har ƙasashe su tsiyace. Ba a saurare shi ba. A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 'yan kallo na Turai sun ga yadda Maxim ta Rasha ke girbe sojan Japan, amma da yake Japan ce ta yi nasara, sai suka ce zuciya ce ta yi aiki.

Duk da haka kowace ƙasa ta gyara tata. Jamus ta fito da MG08 a 1908, Rasha ta fito da tata mai ƙananan ƙafafun gungurawa a 1910, Ingila kuma ta karɓi Vickers, wadda aka rage wa nauyi, a 1912. Dukkansu 'ya'yan ciki ɗaya ne. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, bataliyar Ingila mai mutum wajen 1,000 guda 2 kacal gare ta. Cikin 'yan watanni mai ruwa da waya mai ƙaya suka kora miliyoyin soja cikin ramuka, daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan. Ran 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin kogin Somme, sojan Ingila suka fito daga ramukansu sahu-sahu suka nufi Jamusawa. Kafin faɗuwar rana an kashe 19,240, jimillar matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace kuwa 57,470. Adadin waɗanda aka kashe kaɗai ya ninka matattun Umdurman kusan sau biyu.

'Yan Nijeriya ma sun ɗanɗana daga wancan gefen. A ƙarshen Agusta 1914 wata runduna ta tashi daga Yola ta kai wa Jamusawa hari a Garwa, cikin Kamaru. A wannan karon mai ruwa tana hannun abokan gaba, a bayan ganuwa. Aka kashe kwamandan rundunar, Laftanar Kanar Maclear, sauran suka koma da baya. Garwa ba ta faɗi ba sai Yuni 1915, dutsen Mora kuwa sai Fabrairu 1916.

Bukata ta sa Ingila ta kafa runduna ta musamman ta masu wannan bindiga a Oktoba 1915, aka kuma yawaita ƙanana marasa ruwa irin su Lewis, waɗanda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Tankar yaƙi ma, wadda ta fara fitowa a Satumba 1916, an ƙago ta ne don a sami hanyar ƙetare filin da mai ruwa ta hana bi.

9.0 Kammalawa

Maxim ya zama ɗan ƙasar Ingila, aka ba shi sarautar Sir a 1901. Ƙarar bindigarsa ta kurmantar da shi, ɗansa Hiram Percy Maxim kuwa ya yi suna ne da ƙago na'urar rage ƙarar bindiga. Tsohon ya rasu a Landan ran 24 ga Nuwamba 1916, kwana shida bayan an tsayar da yaƙin Somme. Ƙirarsa ta daɗe a bayansa. Sojan Ingila ba su ajiye Vickers ba sai 1968, samfurin Rasha na 1910 kuwa an sake ganin sa a ramukan Yukuren bayan mamayar 2022. Bindigar da Hausawan yau ke kira mai jigida, ko da yake iska ke sanyaya ta, daga tunanin Maxim ta tsiro.

Wanda ya dubi wannan tarihi da idon basira zai ga cewa waɗanda suka tsaya a gindin tuta a Giginya, da waɗanda suka kwanta a Burmi, ba su gaza kowa jarunta ba, kamar yadda samarin Ingila da suka zube a Somme ba su gaza ba. Abin da ya tsaya a bayan wancan kwaroro mai tururi shi ne maƙeru da ma'aikatun narka ƙarfe da ɗakunan haɗa sinadari da jarin 'yan kasuwa, waɗanda aka yi shekaru ana ginawa. Ran 15 ga Maris 1903 sakamako kawai aka gani. An riga an yanke hukuncin shekara 19 kafin nan, a wani ɗan ɗaki na Hatton Garden, lokacin da ba wanda ya taɓa jin sunan wurin a Sakkwato. Ba a fafe gora ranar tafiya.